Daga Fumfunar Shinkafa Zuwa Gadon Asibiti: Tarihin Sitatin da Shanyewar Ɓarin Jiki



Akwai wani fage da kusan kowa a cikinmu ya taɓa karantawa, wasunmu ma sun rubuta shi da hannunsu. Alhaji ya ji mummunan labari, ya dafe kai, ya yanke jiki ya faɗi. An kwashe shi sai asibiti, can likita ya fito yana girgiza kai ya ce ɓarin jikinsa ya shanye. Daga nan sai alƙalami ya tsallaka zuwa rigimar kishiyoyi da rabon gado. Abin da ke gudana a cikin ɗakin nan a awannin farko, wane magani aka ba shi, wane aka hana shi, ba kasafai muke leƙawa ba. A wannan makon mun ɗauko tarihin ɗaya daga cikin magungunan, wato sitatin, ƙwayar da ke rage kolestarol a jini, tare da tambayar da likitoci suka shafe sama da shekara 20 suna bin sawunta: idan aka ba mutum wannan ƙwaya a ranar da ciwon ya same shi, za ta ceci ƙwaƙwalwarsa?

Sai mun fara raba abu biyu da bakinmu ya haɗe. Abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki ciwo biyu ne masu kama ɗaya a ido. A na farko, jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce ke toshewa, sai sashen da take shayarwa ya mutu da ƙishin jini. A na biyu, jijiyar ce ke fashewa, jini ya malale cikin ƙwaƙwalwa. Tun 1658 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Jakob Wepfer, ya buɗe kawunan waɗanda ciwon ya kashe ya ga jinin da ya zuba, ya kuma ce toshewa ma na iya jawo irin wannan faɗuwar. Amma rarrabe biyun a jikin mai rai ya zauna a kan hasashe har tsawon shekara 300 da ɗoriya, sai a 1971 da aka ɗauki hoton kan marar lafiya na farko a Landan da na'urar CT ta Godfrey Hounsfield. Maƙalarmu a kan nau'in toshewa take, shi ne ya fi yawa.

Shi kuwa kolestarol, da muke yi wa laƙabi da kitsen jini, ba baƙo ba ne a jiki. Hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, kuma da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta da ruwan madaciya. Ramammen mutum ma yana iya ɗauke da shi fiye da kima, don haka mai rubuta labari kada ya ɗauka sai mai tumbi. A 1913 wani matashin likita a birnin San Fitasbag na Rasha, Nikolai Anichkov, ya riƙa ɗura wa zomaye kolestarol da aka narkar cikin man furen rana. Da ya buɗe jijiyoyinsu sai ya tarar da irin daskararren dattin da ake gani a jijiyoyin tsofaffin mutane. Ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Masu suka suka ce zomo ciyawa yake ci, ina ruwansa da kitse, ga shi kuma an gwada a kan karnuka da ɓeraye ba a ga haka ba. Aka yi shekaru ana wannan ja-in-ja, har aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka a 1948, binciken da ya nuna cewa masu yawan kolestarol sun fi kamuwa da bugun zuciya.

Sanin mai laifi daban, kama shi daban. Wanda ya samo igiyar ɗan manoma ne daga yankin Akita a arewacin Japan, Akira Endo, haifaffen 1933. Tun yana yaro yake sha'awar fumfuna da naman kaza, kuma labarin yadda Fleming ya samo fenisilin daga fumfuna ya shige shi. Ya kama aiki a kamfanin magani na Sankyo a 1957, ya je ƙaro ilimi a Niyok daga 1966 zuwa 1968, inda yawan masu mutuwa da ciwon zuciya ya ba shi mamaki. Tunaninsa mai sauƙi ne. Akwai wani sinadari da ke riƙe da ƙofar sarrafa kolestarol a jikin halittu. Idan fumfuna na yaƙi da wasu ƙananan halittu da ke buƙatar irin wannan kitse don su rayu, wataƙila wata fumfunar ta riga ta ƙera makamin rufe wannan ƙofa. Daga 1971 shi da abokan aikinsa suka bi nau'in fumfuna da ƙwayoyin halitta kusan 6,000 ɗaya bayan ɗaya. A 1973 suka dace, a jikin wata fumfuna mai launin shuɗi-kore da ta fito a kan shinkafar wani shagon hatsi a Kiyoto. Abin da suka tace daga cikinta shi ne kompaktin, kakan duk wani sitatin.

Da aka ba ɓeraye, bai yi komai ba. Saura ƙiris aikin ya mutu a nan. Sai Endo ya samu aron wasu kaji masu ƙwai da wani abokin aikinsa ya gama gwaji da su, ya zuba musu maganin a abinci, cikin wata guda kolestarol ɗinsu ya sauka da kusan rabi. Karnuka da birai suka biyo baya. Mu riƙe wannan a rai, domin dabba za ta sake ruɗar masana a gaba, sai dai ta ɗaya gefen. Yadda ƙwayar ke aiki kuwa, Michael Brown da Joseph Goldstein na birnin Dalas ne suka warware: idan aka hana hanta sarrafa nata kolestarol, sai ta ƙara fito da wasu ƙugiyoyi a jikinta tana janyo wanda ke yawo cikin jini. Sun samu kyautar Nobel a 1985.

A 1980 Sankyo ya dakatar da gwajin kompaktin bayan raɗe-raɗin cewa karnukan da aka ɗirka wa shi da yawa sun kamu da daji. Kamfanin Merck na Amurka, wanda ya samo nasa lobastatin daga wata fumfunar, shi ma ya ja birki, ya dawo daga baya, har hukuma ta amince da shi a 1987 da sunan Mevacor. Duk da haka likitoci da yawa sun ƙi sakin jiki, suna cewa rage lamba a takardar gwajin jini ba shi ne tsawaita rai ba. Gardamar ta kwanta a 1994, da sakamakon gwajin 4S na ƙasashen Sikandinabiya. Masu ciwon zuciya 4,444 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi simbastatin, rabi ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan shekara 5 da 'yan watanni, mutum 256 sun rasu a ɓangaren ƙwayar wofi, 182 a ɓangaren magani.

Wannan duk labarin zuciya ne. A ɓangaren ƙwaƙwalwa lissafin ya ƙi fita. A 1995 aka tattara bayanan mutum 450,000 daga bincike 45, waɗanda 13,000 daga cikinsu suka samu shanyewar ɓarin jiki, aka nemi alaƙa tsakanin yawan kolestarol da ciwon, ba a gan ta ba. Hawan jini ya fito ɓaro-ɓaro, kolestarol shiru. Wani ɓangare na amsar ya riga ya fito tun 1989 daga bin sawun maza kimanin 350,000 a Amurka: masu kolestarol da yawa sun fi mutuwa da nau'in toshewa, masu ƙarancinsa sosai, musamman idan da hawan jini, sun fi mutuwa da nau'in fashewa. Idan ka zuba biyun a kwano ɗaya ka kira su da suna ɗaya, sai su cinye juna. Sunan da ya haɗa ciwo biyu ya ɓatar da masu ƙidaya, ba mu kaɗai ba.

Amma a gwaje-gwajen zuciya an lura da wani abu da ba shi aka je nema ba. Masu shan sitatin ba su cika samun shanyewar ɓarin jiki ba. Babban gwajin Ingila na 2002, mai mutum 20,536, ya nuna raguwar kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Sai dai da aka ware mutum 3,280 da suka riga suka taɓa samun ciwon a ƙwaƙwalwa, ba a ga maganin ya rage musu maimaituwarsa ba. Dole a yi gwajin da zai tunkari waɗannan kai tsaye, kuma shi ne SPARCL, wanda Pierre Amarenco na Faris yake cikin jagororinsa, aka buga a 2006. Kamfanin Pfizer mai Lipitor ne ya ɗauki nauyinsa, abin da ya kamata mai karatu ya sani. An ɗauki mutum 4,731 da suka samu ciwon, ko ƙaramin gargaɗinsa mai wucewa, kuma ba a san su da ciwon zuciya ba. Rabi suka sha atobastatin miligiram 80 kullum. Cikin kusan shekara 5, ciwon ya sake samun mutum 265 a ɓangaren magani, 311 a ɗaya ɓangaren.

Mu ɗan tsaya a kan waɗannan lambobi, domin sana'armu ta shafe su. Ana iya rubuta cewa maganin ya rage haɗari da kashi 16 cikin 100, kuma gaskiya ne. Ana iya rubuta cewa daga kashi 13.1 ya koma kashi 11.2, wato bambancin mutum 2 cikin 100, kuma sai an ba kimanin mutum 46 magani tsawon shekara 5 kafin a kare mutum 1. Shi ma gaskiya ne. Ta farko ce ke shiga kanun jarida, ta biyu ce iyalin marar lafiya suke buƙata lokacin da suke lissafin kuɗin magani na wata-wata. A ganinmu duk wanda zai kawo ɗaya a rubutunsa ya kawo 'yar uwarta.

Akwai kuma ƙaya a cikin sakamakon. Nau'in fashewa ya samu mutum 55 cikin masu shan magani, 33 cikin marasa sha. Ribar da aka samu a ɓangaren toshewa ta rinjayi wannan hasara, kuma binciken baya ya nuna haɗarin ƙarami ne, amma ya sa likitoci suna taka-tsantsan da wanda ciwonsa na zubar jini ne. A nan ne tarihin ya taɓo ƙofar gidanmu. Binciken SIREN da aka gudanar a Najeriya da Gana, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suke cikinsa, ya fito a 2018 da marasa lafiya 2,118. Kashi 32 cikin 100 nau'in fashewa ne, kusan mutum 1 cikin 3, alhali a Turai da Amurka bai cika wuce kashi 15 ba. Binciken ya kuma ɗora kusan kashi 9 cikin 10 na nauyin ciwon a wuyan hawan jini, matsalar kitsen jini na biye daga nesa. Ke nan a wurinmu, wanda ya faɗi yau aka sayo masa ƙwayoyi a kemis ba tare da hoton kai ba, ba a ma san wane daga cikin ciwo biyun ake yi wa magani ba.

Abin lura na ƙarshe game da SPARCL shi ne lokacin da aka ɗauki mutanen: wata 1 zuwa wata 6 bayan ciwon. Ya amsa tambayar rigakafin ciwo na gaba. Bai ce komai ba a kan ranar farko.

Begen ranar farko daga ɗakin gwajin ɓeraye ya taso. A 1998 wasu masana a Boston, cikinsu da Matthias Endres da James Liao, suka ba ɓeraye sitatin na mako 2, sannan suka toshe musu jijiyar ƙwaƙwalwa da gangan. Ɓarnar ta fi ƙanƙanta a kan ta ɓerayen da ba a ba su ba, jini ya fi gudana, kuma kolestarol ɗinsu bai sauya ba. Abin da ya ƙaru shi ne sinadarin nitirik oksayid, wanda bangon jijiya ke fitarwa don ta buɗe. Daga baya aka ƙara da cewa sitatin na rage kumburi, yana kwantar da daskararren dattin jijiya kada ya ɓalle. Sai aka fara tunanin cewa ƙwayar na da wani aiki na gaggawa da bai jira saukar kitse ba.

Sai mun tuna halin da ake ciki a lokacin kafin mu ga dalilin zumuɗin. A 1995 aka tabbatar da allurar narkar da gudan jini, amma sai an yi ta cikin awa 3 da fara ciwon, aka ƙara zuwa awa 4 da rabi a 2008. Tana da tsada, tana buƙatar hoton kai kafin a taɓa ta, kuma mafi yawan marasa lafiya ba sa isowa a kan kari. An ƙiyasta cewa a babbar toshewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti. Ƙwaya mai araha da kowane ƙaramin asibiti zai iya bayarwa da ta zama babbar rahama. Sai dai fagen cike yake da kaburburan irin wannan bege. Wani nazari na 2006 ya ƙirga hanyoyin magani 1,026 da aka gwada a kan wannan ciwo, 114 suka kai ga jikin ɗan Adam, kuma cikin waɗanda aka ce suna kare ƙwaƙwalwa babu wanda ya tabbata. Ko a gwajin Boston ɗin, ɓerayen sun sha maganin ne kafin a toshe musu jijiya, shi kuwa marar lafiya bayan ta toshe ake kawo shi. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardun asibitoci sun ƙara rura wutar. A Kalifoniya an duba fayil ɗin marasa lafiya 12,689 aka ga waɗanda aka ba sitatin a asibiti sun fi rayuwa, waɗanda aka fara wa da wuri ma sun fi. Abin da irin wannan ƙidaya ba ta iya rabawa shi ne wa ya jawo wa. Wanda ciwonsa ya yi tsanani ba ya iya haɗiya, wanda aka cire rai da shi ba a rubuta masa maganin shekaru, wanda yake shan sitatin tun a gida galibi mai zuwa asibiti ne da ke kula da hawan jininsa. Mai yiwuwa sauƙin ciwon ne ya sa aka ba shi ƙwayar, ba ƙwayar ce ta kawo sauƙin ba. Ƙuri'a kaɗai ke raba wannan gardama.

Ƙuri'ar farko da ta yi tasiri daga Santiyago de Kompostela ta ƙasar Sifaniya ta zo, a 2007, kuma tambayarta a juye take. Mutum 89 ne da suke shan sitatin kafin ciwon ya same su. Aka dakatar wa wasu na kwana 3, wasu aka ci gaba da ba su. Bayan wata 3, kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka dakatar wa sun rasu ko sun koma sai an yi musu komai, a ɗaya ɓangaren kashi 39. Gwajin ƙarami ne, a asibiti ɗaya, amma ya yi daidai da abin da aka gani a masu bugun zuciya, kuma darasinsa ba ya cin ko sisi. Yawancin dakatarwar ma ba da niyya ake yin ta ba: marar lafiya ba ya magana, 'yan rakiya ba su zo da ledar magungunansa ba, ko an hana shi komai ta baki don gudun sarƙewa. Inda aka san yana sha, ana iya daka ƙwayar a ba shi ta robar hanci.

Fara maganin ga wanda bai taɓa sha ba kuwa, nan ne gwiwa ta yi sanyi. Gwajin FASTER da likitocin Kanada suka jagoranta a 2007 ya ba da simbastatin cikin awa 24, ya tsaya a kan mutum 392 saboda ƙarancin masu shiga, kuma bai nuna amfani ba. STARS na Joan Montaner a Sifaniya, 2016, ya ba da shi cikin awa 12 ga mutum 104, ya nuna ba shi da illa ko an haɗa da allurar narkar da jini, amma bai ƙara yawan masu warkewa ba. ASSORT na Japan, 2017, ya kwatanta farawa a rana ta 1 da farawa a rana ta 7 a kan mutum 257, bayan kwana 90 naƙasar ɓangarorin biyu ɗaya ce. Dukkansu ƙanana ne, ƙaramin amfani na iya sulale musu, amma babban abin da ɓera ya yi alkawari da ya kasance da an gan shi. A daidai wannan lokaci, daga 2015, hankalin fagen ya koma kan zaro gudan jinin da waya ta cikin jijiya, aikin da sakamakonsa bai buƙaci dogon bayani ba.

Shi ya sa ƙa'idojin likitocin Amurka na 2018 da 2019 suka yi magana a hankali: wanda yake sha a ci gaba da ba shi, wanda ya cancanci sha ya dace a fara masa tun yana kwance a asibiti. Babban dalilin na biyun ɗabi'ar ɗan Adam ce, domin maganin da aka fara a gadon asibiti an fi riƙe shi bayan sallama. Ɓangaren rigakafi kuma ya ƙara ƙarfi a 2020, da gwajin Faransa da Koriya ta Kudu mai mutum 2,860 ya nuna cewa saukar da mugun kolestarol ƙasa da 70 ya fi barinsa tsakanin 90 da 110: kashi 8.5 suka sake samun matsalar jijiya, a maimakon kashi 10.9. Zuwa lokacin ƙwayar ta yi araha, tunda haƙƙin mallakar Lipitor ya ƙare a 2011.

Gwajin da ya isa girman tambayar ranar farko daga ƙasar Sin ya zo, mai suna INSPIRES, a asibitoci 222, da mutum 6,100 masu ƙaramar toshewa ko gargaɗinta mai haɗari, waɗanda aka kama cikin awa 72. Rabi aka fara musu atobastatin miligiram 80 nan take, rabi aka jinkirta kwana 3 sannan aka ba su miligiram 40. Babbar tambayar da aka rubuta tun kafin a fara ita ce sabon ciwo cikin kwana 90, kuma amsar ta fito kashi 8.1 da kashi 8.4, bambancin da bai wuce na dace ba. A tambaya ta biyu, yawan waɗanda suka ƙare da naƙasa, masu farawa nan take sun samu kashi 9.8, masu jinkiri kashi 11.4, kuma zubar jini bai ƙaru a fili ba. Masu son ra'ayin kare ƙwaƙwalwa sun riƙe wannan lamba ta biyu. Mu dai muna ganin alama ce mai kyau da ba ta kai hujja ba, domin gwajin ya sauya abu biyu a lokaci guda, lokacin farawa da yawan magani, kuma idan babbar tambaya ta fito babu, ƙaramar da ta fito da e sai an sake gwada ta ita kaɗai.

Rahoton INSPIRES a kan sitatin ya fito a 2024. A ranar 5 ga Yunin shekarar Akira Endo ya rasu yana da shekara 90. Ya bar Sankyo tun ƙarshen shekarun 1970 ya koma koyarwa a wata jami'ar noma da fasaha a Tokiyo, bai samu kaso daga cinikin sitatin ba, an ba shi kyautar Lasker a 2008, Nobel kuwa ba ta zo ba.